Kira Babu Amshi: Tunanin Albert Camus Kan Ma'anar Rayuwa da Matsalar Fassara Shi Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Tambayar ko rayuwar ɗan'adam tana da wata ma'ana tsohuwar tambaya ce. Malaman addini sun amsa ta, masana falsafa sun daɗe suna kai-kawo a kanta, mawaƙa da marubuta kuma sun sha gina jigogin ayyukansu bisa gare ta. A tsakiyar ƙarni na 20 wasu marubutan Turai sun fuskanci tambayar ta wata fuska dabam, aka tattara tunaninsu a ƙarƙashin kalma guda ta Faransanci, wato absurde. Wanda sunansa ya fi tafiya tare da wannan kalma shi ne Albert Camus, marubuci da harshen Faransanci kuma haifaffen ƙasar Aljeriya.

Ana karantar da ayyukan waɗannan marubuta a sassan Faransanci da Ingilishi da wasan kwaikwayo na jami'o'i. Amma malamin da ya so ya yi bayaninsu da Hausa, da zarar ya iso kan kalmar absurde sai ya ci tura, domin kalmomin da suka fi saurin zuwa baki su ne banza da wofi da shirme. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waɗannan kalmomi suna karkatar da tunanin Camus zuwa inda bai nufa ba. A wurinsa absurde sunan wata dangantaka ce tsakanin abubuwa biyu, mutum mai neman dalili da duniyar da ba ta amsa masa. Za a fara da asalin kalmar, a bi ta cikin littattafan Camus uku da wasannin kwaikwayon da aka laƙaba wa sunanta, sannan a auna kalmomin Hausa da ake iya ɗora mata.

2.0 Asalin Kalmar da Yanayin da Ta Bunƙasa

Kalmar absurde ta samo asali daga absurdus ta Latinanci, wadda ake siffanta sautin da ya kauce wa kari da ita, irin wanda kunne ba ya jin daɗinsa. Masana asalin kalmomi sukan danganta ta da surdus, wato kurma. Daga nan ta shiga ilmin manɗiƙi da ma'anar zancen da ya ci karo da kansa, sannan ta sauko bakin jama'a da ma'anar abin da hankali ba ya ɗauka ko abin ban dariya. Tun a tushenta ke nan akwai abubuwa biyu da suka ƙi dacewa da juna.

Wanda ya fara ba ta matsayi a falsafar rayuwa shi ne Soren Kierkegaard (1813-1855), mutumin ƙasar Danmak. A cikin littafin da ya fitar a 1843, wanda ake iya kiran sunansa Tsoro da Makyarkyata, ya yi nazarin ƙissar Annabi Ibrahim da umurnin yanka ɗansa kamar yadda ta zo a Tsohon Alkawari. Ya kafa hujja da ita cewa imani yana kai mutum inda lissafin hankali ya tsaya, kuma mai imani yakan yi tsalle ya ƙetare wannan iyaka. Bayansa Friedrich Nietzsche ya yi shela a 1882 cewa imani da Ubangiji ya daina riƙe rayuwar Turawa, ya kuma yi gargaɗi kan giɓin da hakan zai bari. Yaƙe-yaƙen duniya biyu, na 1914-1918 da na 1939-1945, sun rusa sauran amanar da aka ba kimiyya da ci gaba, domin ilmin da aka zaci zai ceci mutane shi ne ya ƙera makaman hallaka su.

Adabi ya riga falsafa nuna alamun wannan hali. A ƙagaggen labarin Franz Kafka da aka buga a 1925, shekara ɗaya bayan rasuwarsa, an kama wani ma'aikacin banki mai suna Josef K., aka yi shekara ana jan shari'arsa, aka kashe shi ba tare da an taɓa gaya masa laifinsa ba. A 1938 kuma Jean-Paul Sartre ya fitar da La Nausée, wato Tashin Zuciya, wanda tauraronsa ke jin ƙyamar kasancewar abubuwa haka kawai babu dalili.

Ya kamata a lura cewa damuwa da ma'anar rayuwa ba gadon Turawa ba ce su kaɗai. Littafin Mai-Wa'azi na Tsohon Alkawari cike yake da ita. Abul Ala'i al-Ma'arri (973-1057), makahon mawaƙin ƙasar Sham, ya cika diwaninsa Luzumiyyat da kokawa kan wahalar zaman duniya. Imam al-Gazali ya ba da labari a cikin al-Munƙiz minad Dalal yadda shakka ta dame shi, har ya ajiye koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095. Sabon abu a Turai ta ƙarni na 20 shi ne ƙoƙarin amsa tambayar ba tare da jingina ga wahayi ba.

3.0 Albert Camus da Ayyukansa

An haifi Camus ranar 7 ga Nuwamba, 1913, a Mondovi, garin da yanzu ake kira Dréan a gabashin Aljeriya, lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Mahaifinsa ya rasu a 1914 sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Marne. Mahaifiyarsa ba ta karatu ba ta rubutu, ba ta ji sosai, kuma ba ta cika magana ba. Ita ta rene shi cikin talauci a unguwar Belcourt ta birnin Aljiyas. Yana ɗan shekara 17 tarin fuka ya kama shi, ya san kusancin mutuwa tun da ƙuruciya. Ya yi aikin jarida, kuma a 1939 ya rubuta jerin rahotanni kan yunwa da fatara a yankin Kabiliya. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa ya zama editan Combat, jaridar 'yan gwagwarmayar ɓoye. An ba shi lambar yabo ta Nobel kan adabi a 1957, ya rasu a haɗarin mota ranar 4 ga Janairu, 1960, yana da shekara 46.

3.1 Hikayar Sisifus

Littafin da Camus ya shimfiɗa tunaninsa dalla-dalla a ciki shi ne Le Mythe de Sisyphe, wato Hikayar Sisifus, wanda kamfanin Gallimard ya buga a 1942. Ya buɗe shi da cewa babbar tambayar falsafa ita ce ko rayuwa ta cancanci a ci gaba da ita. Ya kwatanta yadda tambayar ke zuwa wa mutum: kullum ya tashi, ya hau mota, ya yi aiki a ofis ko masana'anta, ya ci abinci, ya kwanta, mako ya bi mako, har wata rana ya farka ya tambayi kansa dalilin wannan duka. Idan ya juya ga duniya neman amsa sai ya tarar da shiru. A nan ne absurde ke haihuwa.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai fassara shi ne nanatawar da Camus ya yi cewa absurde ba ta cikin mutum shi kaɗai, ba ta kuma cikin duniya ita kaɗai. Tana cikin karon da suke yi. Dutse da bishiya ba su da wannan matsala, domin ba su tambaya. In an cire ɗayan ɓangarorin biyu, matsalar ta ɓace gaba ɗaya.

Daga wannan ma'ana ya auna hanyoyi uku. Ta farko ita ce mutum ya hallaka kansa. Camus ya yi watsi da ita ƙarara, domin ta kawar da mai tambayar ne kawai, ba ta amsa tambayar ba. Ta biyu ita ce tsallen da Kierkegaard da Karl Jaspers da Léon Chestov suka yi zuwa ga wani abin dogaro da ke bayan hankali. Ita ma ya ƙi ta, yana ganin hankali ne aka yanka don a sami natsuwa. Ta uku, wadda ya zaɓa, ita ce mutum ya rayu idonsa buɗe, ya ci gaba da tambaya, ya kuma ƙi yaudarar kansa da amsar da bai tabbatar ba. Ya ce abubuwa uku ke fitowa daga wannan zaɓi: turjiya, da 'yanci, da ƙwazon cin moriyar kowace sa'a ta rayuwa.

Sisifus kuwa, a tatsuniyoyin Girkawa, sarkin Koranti ne wanda ya yaudari allolinsu, har ya taɓa ɗaure Mutuwa. Sai aka yanke masa hukuncin tura wani ƙaton dutse zuwa ƙololuwar tsauni, in ya kusa kaiwa dutsen ya gangaro, ya sake farawa, har abada. Homer ya ambaci wannan azaba a kashi na 11 na Odyssey. Abin da ya ja hankalin Camus shi ne lokacin da Sisifus ke saukowa don ya sake ɗaukar dutsen. A wannan lokaci ya san halin da yake ciki sarai, ba ya sa ran sauƙi, amma bai durƙusa ba. Saboda haka Camus ya rufe littafin da neman mai karatu ya ɗauki Sisifus a matsayin mai farin ciki.

3.2 Baƙo

A shekarar 1942 ɗin dai Camus ya fitar da ƙagaggen labarinsa L'Étranger, wato Baƙo. Tauraronsa Meursault akawu ne a Aljiyas. Mahaifiyarsa ta rasu a gidan kula da tsofaffi da ke Marengo, ya je jana'iza bai zubar da hawaye ba, har ya sha gahawa da taba a gaban gawar. Washegari ya je iyo a teku, ya haɗu da wata budurwa mai suna Marie, suka tafi kallon fim ɗin barkwanci. Bayan wani lokaci ya harbe wani Balarabe a bakin teku, cikin zafin rana, ya ƙara masa harsashi huɗu bayan ya faɗi.

A kashi na biyu na littafin, kotu ta fi mayar da hankali kan rashin kukansa a jana'iza fiye da kisan da ya yi. Mai gabatar da ƙara ya ɗinka al'amuran da suka faru daban-daban ya mai da su labari guda mai kai da gindi, labarin mugun mutum marar zuciya, aka yanke masa hukuncin fille kai. Darasin da ke nan shi ne jama'a ba ta jure wa abin da ba shi da dalili. In ba ta sami dalili ba, sai ta ƙirƙiro. Meursault ya zama baƙo a cikin mutanensa saboda ya ƙi faɗin abin da bai ji a ransa ba, ko da faɗin zai cece shi. A ƙarshe ya kori limamin Kirista da ya zo lallashinsa a kurkuku, ya karɓi halin ko-in-kula na duniya.

3.3 Annoba

Da Camus ya tsaya a Baƙo, da an sami hujjar cewa tunaninsa yana kai mutum ga rashin damuwa da kowa. La Peste, wato Annoba, na 1947 ya toshe wannan kafa. Labarin yana faruwa a birnin Oran. Ɓeraye suka fara mutuwa a tituna, mutane suka biyo baya, aka rufe ƙofofin gari. Likita Rieux ya san ba zai kawar da mutuwa ba, amma kullum yana fita duba marasa lafiya. Ɗan jarida Rambert ya yi ta neman hanyar tserewa zuwa wurin matar da yake so, da hanya ta samu sai ya fasa, ya zauna ya taimaka. Fada Paneloux ya yi wa'azi da farko cewa annobar sakayyar zunubi ce, amma bayan ya ga mutuwar ƙaramin ɗan alƙali Othon cikin azaba, wa'azinsa na biyu ya sauya. A nan dutsen Sisifus ya zama na gari duka, turjiya kuma ta koma aikin gayya. Wannan tunani ne Camus ya faɗaɗa a L'Homme révolté na 1951, inda ya soki masu halatta kisa da sunan juyin juya hali, abin da ya jawo ɓatawarsa da Sartre a 1952.

4.0 Absurde a Dandalin Wasan Kwaikwayo

A 1961 matarki Martin Esslin ya fitar da littafin da ya raɗa wa wani rukunin wasanni sunan wannan kalma. Ya lura cewa Camus da Sartre sun yi bayanin rashin ma'ana da tsararren zance mai ma'ana, su kuwa waɗannan marubuta sun sa rashin ma'anar cikin zubi da tsarin wasan kansa. A La Cantatrice chauve na Eugène Ionesco, wanda aka fara nunawa a 1950, 'yan wasa suna musayar jimloli irin na littafin koyon harshe har zancen ya wargaje. A En attendant Godot na Samuel Beckett, wanda aka fara nunawa a birnin Faris a watan Janairu na 1953, Vladimir da Estragon suna zaune kusa da wata bishiya suna jiran wani Godot. A ƙarshen kowane kashi daga kashi biyu na wasan, yaro yakan zo ya ce Godot ba zai zo yau ba, sai gobe. Esslin ya ba da labarin yadda aka nuna wasan ga fursunonin gidan yarin San Quentin na Amurka a 1957, suka fahimce shi nan take, domin jira shi ne sana'arsu.

Salon ya iso Afirka. A Masar, Taufiƙ al-Hakim ya gwada shi a wasansa Ya Ɗali'ash Shajara na 1962. A Nijeriya, Ola Rotimi ya buga Holding Talks a 1979, ya kuma laƙaba masa wannan suna da kansa. A cikinsa wanzami ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, waɗanda ke wurin suka shiga muhawara maimakon su kai shi asibiti. Rotimi ya karkatar da salon daga tambayar halitta zuwa sukar al'ummar da ta mai da surutu madadin aiki.

5.0 Sukar da Aka Yi wa Camus

Ba a bar tunanin Camus ba tare da tarke ba. Thomas Nagel, a wata maƙala ta 1971, ya ce karon yana cikin mutum ne shi kansa: yana ɗaukar al'amuransa da matuƙar muhimmanci, alhali yana iya ja da baya ya dube su ya ga babu tabbacin muhimmancin. A ganinsa abin bai kai a yi masa jarumtaka ba, murmushi ya ishe shi. Masu imani kuma sun ce Camus ya ɗauki shirun duniya a matsayin abin da aka riga aka tabbatar, alhali shi ne abin da ake jayayya a kai.

Suka ta uku ta shafi mulkin mallaka. Conor Cruise O'Brien a 1970 da Edward Said a 1993 sun lura cewa Balaraben da Meursault ya kashe ba shi da suna, bai kuma furta ko kalma ɗaya ba. A 2013 marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya fitar da Meursault, contre-enquête, inda ya raɗa wa mamacin suna Musa, ya sa ƙanensa Haruna ya ba da labarin. Wannan suka tana tunatar da manazarci cewa wani shirun na halitta ne, wani kuwa mutane ne suka ƙaƙaba wa 'yan'uwansu, kuma haɗa su wuri guda kuskure ne.

6.0 Matsalar Fassara Zuwa Hausa

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da ma'auni uku da duk kalmar da za ta wakilci absurde ya kamata ta cika. Na ɗaya, ta nuna ɓangarori biyu da suka ƙi haɗuwa. Na biyu, kada ta yanke hukuncin cewa rayuwa ba ta da daraja, tunda Camus ya kammala da akasin haka. Na uku, ta bar wa turjiya wuri.

6.1 Banza da Wofi

Hausa tana da tsohon zance kan duniya. Karin magana ya ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, ya kuma kira ta budurwar wawa. Waƙoƙin wa'azi na masu jihadin ƙarni na 19 da na waɗanda suka biyo bayansu, waɗanda Mervyn Hiskett ya yi nazarinsu a littafinsa na 1975, cike suke da siffanta duniya da mayaudariya mai ƙarewa. Imfirajin Aliyu Namangi ya ci gaba da wannan jigo a ƙarni na 20. Mai sauraro da ya tashi cikin wannan gado, in ya ji an ce wani Bature ya ce duniya banza ce, zai ɗauka zuhudu ake nufi. Amma mai wa'azi yana ƙasƙantar da duniya ne don ya ɗaukaka lahira. A wurinsa ma'ana tana nan daram, wurinta ne kawai ba a nan ba. Camus bai amince da wani wuri bayan nan ba, don haka duniya ce kaɗai dukiyarsa, kuma ayyukansa cike suke da ƙaunar rana da teku. Banza da wofi sun faɗi a ma'auni na ɗaya da na biyu. In ba su mai da shi mai gudun duniya ba, za su mai da shi mai kira ga yanke ƙauna, kuma duka biyun ƙage ne.

6.2 Shirme, Wauta da Aron Larabci

Shirme da wauta da soki-burutsu suna ɗora laifin a kan mai magana ko mai aiki, suna nuna ƙarancin hankali. Mutumin Camus kuwa yawan farkawar hankali ne ya jefa shi cikin matsalar. Waɗannan kalmomi suna iya dacewa da zancen 'yan wasan Ionesco, amma ba su dace da Rieux ba.

Larabawa sun fassara kalmar da abath, wato wasa ko aikin da ba shi da manufa. Aro daga Larabci hanya ce da Hausa ta saba bi wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi, sai dai a nan akwai cikas biyu. Na farko na furuci ne. Harafin ƙarshe na kalmar yakan koma s a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a misali da hadisi, don haka za ta yi karo da abasa, sunan sura ta 80 ta Alƙur'ani, wadda ke nufin ɗaure fuska. Na biyu na ma'ana ne. Kalmar ta zo a aya ta 115 ta Suratul Muminun, inda aka kore zaton cewa an halicci mutane ba da wata manufa ba. Wannan yana da amfani wajen nuna wa ɗalibi ainihin inda Musulunci ya raba hanya da Camus, amma kalmar siffar aiki ce, ba ta nuna dangantakar ɓangarori biyu.

6.3 Haƙuri da Turjiya

Irin wannan tarko yana jiran mai fassara révolte. Tawaye ya yi nauyin siyasa da yawa. Haƙuri kuwa, wanda A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a 1974, yana kama da halin Sisifus a zahiri. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, uwa ta bi sawun ɗanta da aka sace har ta ƙetare Sahara, ita ma ta faɗa bauta, ta kuma rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Wahala ce da ido ba ya ganin dalilinta, amma littafin ya karanta ta a matsayin ƙaddara, wadda ke da Mai ƙaddarawa. Karin magana ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ga dutse a nan, ga dutse a can, amma Sisifus ba ya sa ran romo. Haƙuri jimiri ne mai jiran sakamako. Abin da Camus ke nufi jimiri ne wanda ya san sakamako ba ya zuwa, kuma turjiya, wato kafe ƙafa a ƙi ja da baya, ta fi kusa da shi.

6.4 Shawara

Ana ba da shawarar amfani da rashin jituwa a matsayin keɓaɓɓiyar kalma, a faɗe ta a cike a karon farko: rashin jituwar ɗan'adam da duniya. Jituwa ba ta yiwuwa sai da ɓangarori biyu, kuma rashinta bai zubar da darajar kowane ɗayansu ba, kamar yadda ma'auratan da ba su jitu ba kowannensu yana iya zama mutumin kirki. Wajen bayani a aji, waƙar baka tana ba da misali mai kyau. Makaɗi yakan jefa ɗa, 'yan amshi su karɓa. In ya jefa aka yi shiru, muryarsa ba ta lalace ba, shiru kuma ba aibi ba ne a karan kansa, amma haɗuwarsu ta haifar da giɓin da kowane mai sauraro zai ji. Tambayar Camus ita ce abin da makaɗin zai yi bayan haka: ya sauka daga dandali, ko ya riya a ransa cewa an amsa, ko ya ci gaba da waƙa yana sane da shirun. Wannan misali ya kuma dace da asalin kalmar a Latinanci, wanda ya shafi sauti da kurumta. Game da wasannin Beckett da ire-irensu, inda ƙarshe ke komawa mafari, tufka da warwara ta fi bayyana zubinsu.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi kalmar absurde daga asalinta zuwa ayyukan Camus da wasannin kwaikwayon da aka danganta da ita, ta nuna cewa ma'anarta dangantaka ce tsakanin mai tambaya da duniyar da ba ta amsawa. An ga cewa banza da wofi suna shigo da tunanin zuhudu, shirme da wauta suna zargin hankali, haƙuri kuma yana ɗauke da sa ran sakamako. An ba da shawarar rashin jituwa da turjiya, waɗanda ake fatan masana fassara za su ƙara aunawa. Mafi yawan masu karatun Hausa, Musulmi da Kirista, ba za su yarda da Camus cewa an yi kira ba a amsa ba, domin wahayi a wurinsu shi ne amsar. Duk da haka sun haɗu da shi a kan haramcin hallaka kai da wajabcin tsayawa tare da mai wahala, ko da hujjojinsu sun bambanta. Wanda zai saɓa wa marubuci, wajibi ne ya saɓa wa abin da marubucin ya faɗa, kuma hakan ba ya samuwa sai mai fassara ya isar da zancen yadda yake.